Akwatin faifan disko: sauti ya yi, amma sun yanke waƙoƙin

Akwati ne mai CD guda uku na tsofaffin waƙoƙin rawa, irin tarin nan da kamfanoni ke haɗawa su manna hoton ƙwallon madubi a jikin kwalin, ya ɗauko daga farkon shekarun 1970 ya gangaro har 1990, sai ɗan littafi a ciki mai hotunan mawaƙa da ɗan bayani a kan kowa. Na saurare shi daga farko har ƙarshe, kuma gaskiya akwai inda suka yi ƙoƙari sosai akwai kuma inda raina ya ɓaci.

Sautin dai babu abin cewa. Sun wanke shi tas amma ba su matse shi ba, dan wasu in za su sake fitar da tsohuwar waƙa sai su ƙara mata ƙarfi har komai ya cakuɗe kunne ya gaji bayan waƙa biyu, wannan ba haka yake ba. Ka sa Good Times ta ƙungiyar Chic a lasifika mai kyau ka ji yadda jitar bas ɗin Bernard Edwards ke tafiya a ƙasa, jitar Nile Rodgers kuma tana tsattsaga a sama kowanne a wurinsa, wallahi sai ka gane dalilin da ya sa a shekarar da ta fito, 1979, Sugarhill Gang suka ɗora Rapper's Delight a kan wannan kiɗan. Le Freak ma tana ciki, wadda su biyun suka haɗa a daren da masu gadin gidan rawa na Studio 54 a New York suka hana su shiga a jajibirin sabuwar shekara ƙarshen 1977, suka koma gida da haushi suka ɗauki jita.

Abin da ya fi burge ni kuma shi ne da Soul Makossa aka buɗe faifai na farko. Yawancin masu haɗa irin wannan tarin ba sa ma tunawa da Manu Dibango, alhali waƙar nan ta ɗan Kamaru da ya yi a 1972, a fuska ta biyu ta faifan garmaho da aka buga dan gasar cin kofin Afirka da ƙasarsa ta karɓi baƙunci, tana cikin waƙoƙin farko da gidajen rawa na New York suka ɗaga tun kafin rediyo ya san da su. David Mancuso ne ya riƙa sa ta a wurinsa da ake kira The Loft, daga nan ta bazu. Duk wanda ya yanke shawarar fara akwatin da ita ya san abin da yake yi, na jinjina masa.

To amma ga inda matsalar take, kuma ita ce babba. Kusan duk waƙoƙin gajerun ne, irin na rediyo, minti uku da rabi an rufe. Kiɗan rawa fa ba haka aka gina shi ba. Mutanen nan da gangan suke ja wa waƙa tsawo saboda mai rawa yana buƙatar lokaci kafin kiɗan ya shiga jikinsa, shi ya sa ma aka ƙirƙiro faifai mai faɗin inci 12 da waƙa ɗaya tal a fuska guda, su Tom Moulton suka riƙa tsawaita waƙa suna cire murya a tsakiya su bar ganga da bas su kaɗai na ɗan lokaci sannan komai ya dawo gaba ɗaya, kuma wannan dawowar ita ce ke tada mutane tsaye. Ten Percent ta Double Exposure da Walter Gibbons ya tsawaita a 1976 tana cikin na farko da aka sayar wa jama'a a irin wannan faifan. A akwatin nan duk an yanke waɗannan wuraren.

I Feel Love ta Donna Summer ita ta fi ba ni takaici. Giorgio Moroder da Pete Bellotte suka haɗa ta a Munich ta Jamus, ta fito a 1977, kusan duk kiɗan da na'urar Moog aka yi shi in ban da gangar ƙafa, kuma daɗinta gaba ɗaya yana cikin maimaicin nan ne da yake ta juyawa yana ɗan canzawa kaɗan kaɗan har ka manta da agogo. Doguwar ta haura minti 8. Ta cikin akwatin ko minti 4 ba ta kai ba, kana fara nutsewa sai ka ji sauti yana yin ƙasa an wuce ta gaba. Good Times ɗin da na yaba ma haka aka yi mata, daidai inda bas ɗin zai tsaya shi kaɗai nan aka datse. Da sun rage yawan waƙoƙin sun bar ko goma da cikakken tsawonsu da na fi son haka nesa ba kusa ba, amma na gane lissafinsu, yawan waƙoƙi a bayan kwali shi ke jan mai saye.

Sai wani abu da ya kamata duk mai niyyar saye ya duba da kyau. Wasu 'yan waƙoƙi a faifai na biyu ba na asali ba ne, sabon ɗauka ne da aka sake yi daga baya, mawaƙin dai shi ne amma murya ta manyanta makaɗan kuma wasu ne daban, goge da ƙahonin nan na gaske an maye su da na'ura. An rubuta hakan a bayan kwalin amma da ƙananan haruffa can ƙasa inda ba kowa zai kula ba. Ni ban ga laifin mawaƙi ya sake rera waƙarsa ba, sau da yawa ma hanyar da zai samu wani abu ke nan tunda tsohon faifan ba mallakinsa ba ne, amma a faɗa wa mutum ɓaro ɓaro a gaban kwali.

Ɗan littafin kuma hotuna sun yi kyau, takarda mai kauri, sai dai bayanin fuska kawai yake bi bai damu da wanda ya yi aikin ba, kuma a wannan fannin na kiɗa abin nan ba ƙaramin zalunci ba ne domin an sha danne mutane. Ɗauki Boney M, shafi guda aka ba su da hoton Bobby Farrell yana rawa, ba a ce komai ba kan cewa muryar namijin nan mai kauri a Daddy Cool ta 1976 ta furodusa Frank Farian ce, kuma Liz Mitchell da Marcia Barrett su ne ke ɗauke da waƙa a sutudiyo. Rivers of Babylon ma ba a faɗi cewa The Melodians na Jamaika ne suka fara yin ta a 1970 ba. A faifai na uku akwai Ride on Time ta Black Box ta 1989, ko sunan Loleatta Holloway babu alhali daga waƙarta Love Sensation ta 1980 aka yanko muryar da aka fara fitar da ita. Martha Wash ma haka, ita ce ta yi ihun nan da kowa ya sani a Gonna Make You Sweat ta C+C Music Factory a 1990 amma wata aka sa a bidiyo tana motsa baki, sai da ta kai ƙara kotu. Matan nan sun sha wahala kafin a amince da sunansu, yanzu bayan shekaru sama da talatin a sake buga littafi a tsallake su, abin bai yi mini daɗi ba ko kaɗan. Earl Young kuwa, makaɗin gangar Philadelphia da ake danganta masa bugun nan huɗu a jere da disko ya tsaya a kai, ko a layi ɗaya bai fito ba.

Inda littafin ya yi abin kirki shi ne shafin Gloria Gaynor, sun kawo cewa I Will Survive a fuska ta biyu ta faifan wata waƙa aka fara sa ta a 1978, masu sa kiɗa a gidajen rawa ne suka juya faifan suka gano ta, har ta ci Grammy na disko a 1980, shekara ɗaya tilo da aka taɓa ba da wannan kyautar. Irin wannan bayanin nake so a kowane shafi.

Jerin waƙoƙin bisa shekara aka yi shi, ya dace da mai son ya ji yadda kiɗan ya sauya daga goge da ƙaho zuwa na'ura, amma in taro za ka sa wa sai ka riƙa tsallake wasu dan saurin kiɗan yana hawa yana sauka ba tsari. Kwalin kuma na takarda ne, faifan yana matsewa wajen cirowa, a bi shi a hankali kar ya karce.

Wanda bai san waƙoƙin nan ba ko yaro mai tasowa da yake son ya san inda kiɗan rawa na yau ya samo asali, ya saya, zai ƙaru kuma kunnensa zai ji sauti mai tsabta. Wanda kuma ya riga ya san dogayen, ina ga gara ya nemi tarin da aka rubuta inci 12 a jikinsa, ya juya bayan kwali ya duba mintocin kowace waƙa kafin ya biya, in ya ga I Feel Love ba ta kai minti 5 ba to ya ajiye ya duba wani.