Sharhi kan Odoo Community: kyauta ce, amma gyaran da ka yi mata bashi ne

Bayan aiki da Odoo Community, wato nau'in kyauta na manhajar gudanar da kasuwanci ta Odoo, wajen lissafin kayan sito, sayayya da fitar da rasit, hukuncina shi ne ta fi gina manhaja daga tushe sauƙi nesa ba kusa ba, muddin za a bar ta kusan yadda ta zo.

Wani kamfanin Beljiyam ne ke yin ta, da harshen kwamfuta na Python aka rubuta ta, bayananta kuma suna zama a rumbun bayanai na PostgreSQL. Ɓangaren sito ne ƙarfinta. Kaya ba ya ɓacewa haka kawai, kowane motsi daga wani wuri yake zuwa wani, ko daga dillali zuwa sito, ko daga sito zuwa mai saye. Wanda ya ce zai gina irin wannan da kansa zai sha wuya kafin ya kai ga lambar rukunin kaya da mayar da kayan da aka saya. Sai dai cikakken ɓangaren akanta da Studio, wato abin ƙara gurabe ba tare da rubuta kod ba, suna cikin Enterprise ne, wadda ake biya bisa yawan masu amfani. A Community sai a nemi ƙarin ɓangarori daga ƙungiyar OCA, wato ƙungiyar masu amfani da Odoo da masu rubuta mata kod.

Inda ake shan kashi shi ne gyara. Kowace shekara sabon zubi ke fitowa, kuma na baya-bayan nan uku kaɗai ke samun cikakkiyar kulawa. Duk shafin da mai shirye-shirye ya sauya maka, ya rataya shi ne a jikin shafin asali. Da zarar kamfanin Odoo ya matsar da gurbi ɗaya, naka ya ƙi buɗewa. A zubi na 17 an cire kalmar attrs daga kod ɗin shafuka, a na 18 kuma kalmar tree ta koma list, don haka dole a bi ɓangarorin da aka rubuta a gyara su ɗaya bayan ɗaya. Ɗaga bayanai zuwa sabon zubi ma ba ya cikin kyautar, OpenUpgrade, kayan aikin da OCA ke samarwa don haka, ake dogara da shi, shi kuma yakan zo a makare.

Don haka kafin a yarda da kowane gyara, a tambaya: doka ce ta tilasta shi, ko kuwa sabo ne kawai na ma'aikata? Yawanci sabo ne. Idan ya zama dole, a sa shi a ɓangare na daban, kada a taɓa kod ɗin asali ko kaɗan, kuma kwafin ya kasance a hannun kamfaninka, ba a kwamfutar wanda ya rubuta ba. A lura kuma Odoo Online, wadda kamfanin Odoo ke gudanarwa a intanet, ba ta karɓar ɓangaren Python na kanka, sai Odoo.sh, wato dandalinsa na masu shirye-shirye, ko uwar garken ka.

Wajen ajiyar kariya, rumbun bayanai kaɗai bai isa ba. Hotuna da takardun da aka liƙa suna cikin jakar filestore, a kwashe su tare, sannan a gwada dawo da su a wata kwamfutar kafin a fara aiki da gaske.