Firefox da takardar shaidar shiga shafi: abin da na gani bayan wata uku

Wurin aikinmu sun sauya tsari, suka ce kalmar sirri kaɗai ba za ta ƙara buɗe shafin ma'aikata ba, sai burauzarka ta nuna takardar shaida ta dijital da suka ba ka. A da, shafi ne kawai ke nuna wa burauza shaidarsa. Yanzu kai ma sai ka nuna taka. Da Firefox na yi wannan aiki, kuma na sha fama kafin abin ya zauna.

Ranar farko ko shafin labarai ya ƙi buɗuwa, sai gargaɗi cewa haɗin ba amintacce ba ne. Ashe agogon kwamfutata ne ya koma baya da shekaru, ɗan batirin nan CR2032 da ke kan allon ciki ya mutu. Kowace takardar shaida tana da ranar farawa da ranar ƙarewa, to in agogonka ya yi ƙarya, takarda mai kyau ma sai ta zama tamkar jabu. Na gyara kwanan wata, wannan ya wuce.

Inda na daɗe shi ne wajen shigar da takardar kanta. Fayil biyu aka turo min, ɗaya mai ƙarewa da .cer, ɗaya da .p12. Ni kuwa na kama na farko don ba ya tambayar kalmar sirri. Firefox ta ƙi karɓa, ta ce ba ni da mabuɗin sirrin da ke tafiya da takardar. Na yi ta tsaki, ina ganin rigima ce kawai. Gaskiyarta ne. Fayil ɗin .cer takarda ce zalla, kowa na iya mallakar kwafinta. Na .p12 shi ne ke ɗauke da takardar tare da mabuɗin, kuma da mabuɗin ne burauza ke sa hannu don sabar, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, ta tabbatar kai ne. Da na shigar da shi ta Your Certificates, wato sashen takardunka a ma'ajiyar takardu ta Firefox, nan take sunana ya bayyana, ga ranar ƙarewa a gefe.

Duk da haka shafin ya ƙi. Sai SSL_ERROR_HANDSHAKE_FAILURE_ALERT. A nan ne na fara girmama wannan burauza, domin tana rubuta lambar kuskure ƙarara, kuma lambar tana nuna inda gizo ke saƙa. SEC_ERROR_UNKNOWN_ISSUER na nufin burauzarka ce ba ta san wanda ya ba shafin shaida ba. Wanda na samu kuwa, sabar ce ta katse gaisuwar farko da take yi da burauza daga can. Laifin nawa ne: tun kafin in shigar da fayil ɗin daidai, akwatin zaɓen takarda ya taɓa fitowa da wata tsohuwa a ciki, na danna ba tare da na karanta ba, burauza kuma ta riƙe wannan zaɓi. Na shiga Authentication Decisions, sashen ma'ajiyar da ke riƙe irin wannan zaɓi, na goge layi ɗaya, na sake buɗe shafin. Ta tambaye ni, na zaɓi sabuwar, na shiga.

Wani abokin aikina nasa ya fi nawa ɗaure kai. Manhajar kashe ƙwayar cutar kwamfutarsa ce ke shiga tsakani tana duba haɗin HTTPS, ita kuma ba ta da mabuɗinsa, don haka sabar ba ta ganin shaidarsa sam. Sai da ya cire shafin aikin daga cikin waɗanda take dubawa.

Wanda bai saba ba zai ɗan yi lalube kafin ya gano ma'ajiyar takardun a ƙarƙashin saitin tsaro, amma da zarar ka san hanya, komai a fili yake. Tun daga ranar ban sake ganin gargaɗin ba. Fayil ɗin .p12 na kwafe shi a filashi na kulle a durowa, ranar ƙarewarsa kuma na sa a kalandar waya da tunatarwar mako biyu.