Zaɓen Saba da Ma'adana Don Taskar Binciken Jami'a a Kebbi da Zamfara

Duk jami'ar da ta yi niyyar kafa taskar intanet domin kundayen digiri da maƙalun malamanta, a Birnin Kebbi take ko Aliero ko Gusau, ya kamata kwamitinta ya auna nauyin abin da za a zuba a ciki kafin ya kira ɗan kwangilar da zai kawo saba, wato babbar kwamfutar da za ta riƙe taskar. Idan aka ƙiyasta kowane kundi na PDF a megabait 10, kundi 10,000 bai wuce gigabait 100 ba. Lissafin yana canzawa ne idan ɗakin karatu ya ƙuduri ɗaukar hoton tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da na ajami, irin waɗanda ke hannun gidajen malamai a ƙasar Gwandu, domin shafi ɗaya mai girman A4, idan aka ɗauke shi da launi a ma'aunin ɗigo 600 a kowane inci, a tsarin hoto na TIFF, yakan kai kimanin megabait 100. Littafi mai shafi 200 ya ci gigabait 20 ke nan, hamsin irinsa kuwa sun cika terabait guda.

Manhajar da aka fi amfani da ita wajen gudanar da irin wannan taska ita ce DSpace, wadda MIT da HP suka fitar a 2002, sai EPrints ta Jami'ar Southampton a Ingila. DSpace tana tafiya da manhajojin PostgreSQL da Solr da Java a lokaci guda, saboda haka RAM, wato ma'ajin wucin gadi da kwamfuta ke aiki a cikinsa, ta fi buƙata fiye da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) mai tsada. A ganina furosesa ɗaya mai matsakaicin ƙarfi da RAM gigabait 32, irin mai gyara kuskure da ake kira ECC, sun wadatar, kuma kuɗin furosesa ta biyu ya fi amfani a wajen lantarki. Tsakanin sabobin Dell PowerEdge da HPE ProLiant da Lenovo ThinkSystem babu bambancin da zai tayar da hankali. Abin dubawa shi ne wanne ake samun kayan gyaransa da sauri daga Kano ko Abuja, da kuma ko garantin kamfani ya shafi Nijeriya a rubuce. Saba ta hannu tana da araha ƙwarai, ta kuma dace da gwaji da horar da ma'aikata, amma ban yarda a ɗora mata kwafin da jami'a ta dogara da shi ba.

Faifan ajiya ne ya fi cancantar dogon nazari. SSD, wato faifan da ke ajiya a ƙwayoyin lantarki, yana da sauri, ba ya kuma ɗauke da wani abu mai juyawa, amma tsadarsa a kowane terabait ta ninka ta faifai mai juyawa. Abin da ya fi dacewa shi ne a haɗa su: SSD biyu a tsarin RAID 1, wato kowanne na ɗauke da kwafin ɗan'uwansa, domin manhaja da rumbun bayanai da fihirisar bincike, faifai masu juyawa kuma domin fayilolin kansu. A nan ne ake gardama tsakanin RAID 5 da RAID 6, hanyoyi biyu na haɗa faifai da yawa su yi aiki kamar ɗaya. Na farkon yana jure mutuwar faifai ɗaya, na biyun yana jure biyu, kuma tun da sake gina babban faifai na iya cin yini ko fiye, sauran faifan suna ta aiki babu hutu, RAID 6 ya fi kwantar da hankali. A RAID 6, faifai shida masu terabait 8 za su ba da terabait 32 na amfani. A nemi faifan da aka ƙera don saba, a guji nau'in SMR mai nawa wajen sake rubutu, a kuma sayi ɗaya na ko-ta-kwana a ajiye cikin kabad tun ranar farko. Akwatin NAS, wato ma'adanar faifai da ake jonawa a kan sadarwar kwamfutoci, irin na Synology ko QNAP, ya fi sauƙin sarrafawa, sai dai na fi son a mayar da shi ma'ajin kwafi na biyu a wani gini daban.

Yanayinmu ma yana da nasa kason a kasafi. Ana son ɗakin saba ya tsaya tsakanin digiri 18 da 27, alhali zafin Afrilu a nan yakan haura 40. Wanda ya taɓa buɗe saba bayan hunturu ya ga yadda jar ƙura ke liƙewa a fuka-fukan fanka kamar auduga. Ana buƙatar na'urar sanyaya ɗaki biyu masu karɓa-karɓa, da ƙofa mai rufuwa ruf, da UPS, wato na'urar batir mai riƙe wuta, nau'in da saba ke shan wuta ta cikinsa kullum, saboda kada ta ji girgizar komawa janareta. Sola da batiran litiyam sun fi tsada a farko, amma su ne ke riƙe dare da ranakun hutu in an kashe janaretan makaranta.

RAID ba ya dawo da fayil ɗin da aka goge bisa kuskure, ba ya kuma tsare gobara ko tsawa. Ƙa'idar da aka sani ita ce kwafi uku, a ma'adana iri biyu, ɗaya a nesa. Kaset ɗin ajiyar bayanai na LTO-8 yana ɗaukar terabait 12 kuma yana daɗewa a ajiye, amma na'urar karanta shi tana da tsada, ƙura kuma tana cutar da ita. Hayar ajiya a intanet ta kuɓutar da jami'a daga zafi da ɗaukewar wuta, sai dai kamfanonin waje da dala ake biyansu, kuɗin kuma ba ya yankewa, alhali tallafin sayen kaya irin na TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ba lallai ya ɗauki hayar kowace shekara ba. Ga taskar da ba ta kai terabait biyu ba, na fi karkata ga hayar tare da NAS; idan hotunan rubuce-rubuce suka yi yawa, kaset ya fara biyan kuɗinsa. Ko wanne aka zaɓa, a rubuta cikin yarjejeniya cewa ba za a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa ba sai ya zare faifai ɗaya saba tana aiki, sannan ya dawo da taskar gaba ɗaya daga kwafi a gaban ma'aikatan ɗakin karatu.