Microsoft Defender a kwamfutar gida: ya wadatar ko sai an ƙara?

Kwamfutata ta gwanjo ce, mai tsohon faifan ajiya, kuma kowa a gidan yana taɓa ta: yara da aikin makaranta, uwargida da lissafin kayan da take sayarwa. Ta zo da wata manhajar kariya ta gwaji, wadda da wa'adinta ya cika ba ta da aiki sai neman kuɗi da dala. Na goge ta, Microsoft Defender, manhajar kariyar da ke zuwa a cikin Windows, ya kunna kansa, kuma da shi nake tafiya har yau.

Kada a yi masa kallon da. A 2006 ya fito a matsayin mai kama manhajojin leƙen asiri kawai, sai a 2012, tare da Windows 8, ya zama cikakken maganin bairos. Yanzu a gwaje-gwajen cibiyar AV-TEST ta Jamus yakan yi kafaɗa da kafaɗa da waɗanda ake biya. Abin da ya fi yi mini daɗi shi ne ba ya surutu. Babu talla, babu jan rubutu mai tayar da hankali.

Inda na gwada shi da gaske shi ne filas. Duk wanda ya taɓa kai filas shagon buga takardu ya san bairos ɗin nan da ke ɓoye fayiloli, ya bar maka hotonsu kawai, kana dannawa ya shige kwamfutarka. Yaranmu sun sha kwaso shi, Defender kuma ya sha cafke shi kafin a buɗe komai. Duk da haka na saba musu da danna maɓallin dama a kan filas ɗin a bincike shi tukuna. Akwai kuma wani saiti, Controlled folder access, da ke hana baƙuwar manhaja taɓa takardunka, kariya daga masu kulle fayil su nemi kuɗin fansa. A kashe yake zuwa, sai ka kunna da kanka, kuma wani lokaci yakan tare har manhajar kirki sai ka ba ta izini.

Sharaɗinsa ɗaya ne: sabuntawa. Mai rowar data da ya toshe sabunta Windows ya bar maigadi da tsohon jerin sunayen ɓarayi. Masu Windows 10 ma su sani Microsoft ya daina tallafa wa Windows ɗin nasu kyauta tun 14 ga Oktoban 2025. Cikakken bincike kuwa yakan yi wa tsohuwar kwamfuta nauyi, don haka sai dare nake sakin sa, in akwai wuta.

Manhajojin kariya na kyauta na wasu kamfanoni fa? Ina ɗari-ɗari da su. A 2024 hukumar FTC ta Amurka, mai kare haƙƙin masu sayayya, ta sa Avast, ɗaya daga cikin masu irin waɗannan manhajoji, biyan dala miliyan 16.5 kan sayar da bayanan shafukan da mutane ke shiga. Malwarebytes na kyauta kaɗai na ajiye, ina binciken lokaci-lokaci da shi, tunda ba ya rigima da Defender.

Wanda ke sauke manhajojin sata kuwa, ana ce masa ya kashe kariya kafin ya saka su yana kashewa, ko na dala nawa ya saya ba zai tsare shi ba.