H.264 ko H.265: wanne za ka zuba wa masu biki a filashi?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu mai ɗaukar bidiyon biki ya kawo tambaya. Ya gama haɗa aiki, ya fitar da shi a H.265 don fayil ya yi sauƙi, ya zuba wa masu biki a filashi. A kwamfutarsa lafiya lau, amma da suka jona a talabijin ɗin falo sai muryar maroƙi kaɗai ke tashi, allo baƙi ƙirin. Yana son sanin wanne ya fi tsakanin H.264 da H.265, kuma me ya sa talabijin ta ƙi alhali fayil ɗin MP4 ne.

Ɗan'uwa, mu fara da wannan "alhali MP4 ne", don a nan yawancin mutane ke tuntuɓe. MP4 da MKV da AVI buhu ne kawai. Ganin buhu ba ya gaya maka gero ne a ciki ko dawa. Abin da ke ciki shi ne kodek, wato dabarar da aka bi aka matse hoton, sannan ga wani kodek daban na sauti. Talabijin ɗin masu bikinka ta buɗe MP4 ɗin, ta gane sautin, ta iske hoto da tsarin da ba ta sani ba. Shi ya sa masu goge .mkv su rubuta .mp4 a ƙarshen suna suke wahalar banza.

H.264 shi ne tsohon hannu. An kammala shi a 2003, aikin haɗin gwiwa tsakanin hukumar sadarwa ta duniya ITU da kwamitin MPEG. H.265, wanda za ka ga ana rubutawa HEVC ko x265 a sunan fayil, ya biyo baya a 2013, kuma burin masu tsara shi ya ba da kyan hoto iri ɗaya da kusan rabin nauyi. Ta fuskar matsewa babu gardama, sabon ya fi. H.264 yana yanka hoto gida-gida, kowane gida fiksel 16 sau 16. H.265 yana iya faɗaɗa gidan har 64 sau 64 a inda hoto ba shi da tarkace, kamar bangon ɗakin taro ko farar babbar rigar ango, sai ya ƙanƙanta shi a kan aikin wuyan rigar da lallen amarya. A nan ragin yake fitowa. Amma rabin nan an fi ganinsa a manyan hotuna irin 4K. A 720p bambancin bai kai yadda ake zuzuta shi ba.

To ina matsalar? Warware H.265 aiki ne mai nauyi, kuma na'urori ba su yin sa ta hanya ɗaya. Kwamfutarka tana da VLC, manhajar kallon bidiyo, wanda ke tafe da kayan warwararsa, ko na'urar ba ta iya ba zai sa firosesa ta yi da ƙarfin tsiya. Waya ma haka, sai dai ta yi zafi, batir ya zube, hoto ya riƙa tsayawa sauti na gaba. Talabijin da dikoda mai ramin USB ba su da wannan mafita. Abin da aka gina a cikin ɗan guntun da ke kansu tun daga masana'anta, shi ke nan. Idan babu H.265 a ciki, ba manhajar da za ka sauke ta gyara. Talabijin mai 4K kusan duk suna karanta shi, domin da shi ake aika yawancin bidiyon 4K. Wadda ba ta wuce HD ba, musamman tsohuwa ko mai araha, caca ce. H.264 kuwa, da wuya ka sami abin da ke da allo da aka ƙera cikin shekaru goma sha biyar ɗin nan da bai san shi ba.

Kwamfutoci na hannu da suka cika kasuwanninmu ma a duba su. Firosesar Intel ta fara warware H.265 da kanta sosai daga zubi na 6, na 2015, mai 10-bit kuma, wato mai zurfin launi fiye da 8-bit da aka saba, sai zubi na 7. Core i5 zubi na 3 ko na 4 za ta buɗe fayil ɗin, amma ka saurari fankarta. Windows ɗin ma sau da yawa sai an sayi ƙarin HEVC a shagon Microsoft kafin manhajarsa ta kallo ta yarda.

Wani ɓangare na laifin ba na fasaha ba ne, na kuɗi ne. A wancan lokacin, lasisin yawancin haƙƙin mallakar H.264 a hannun ƙungiya guda yake, MPEG LA, kamfani ya biya ya huta. Na H.265 kuwa a lokacin ya rarrabu: MPEG LA, HEVC Advance, Velos Media, ga wasu kamfanoni da suka tsaya su kaɗai. Masu ƙera kaya da masu burauza suka yi ta jan ƙafa; Chrome bai buɗe masa ƙofa ba sai 2022. Wannan rikicin ne ya sa Google, Netflix, Amazon, Microsoft da wasu suka haɗu a 2015, suka fitar da sabon kodek mai suna AV1 a 2018 ba tare da kuɗin lasisi ba. AV1 ya fi su matsewa, YouTube na amfani da shi, amma kada ka ko kusanci filashin kwastoma da shi: iPhone ma sai daga 15 Pro, a 2023, ta sami guntun warware shi.

Ni dai a ganina, duk aikin da zai bar hannunka zuwa gidan da ba ka san talabijin ɗinsu ba, H.264 ne. Bidiyon biki ba na'ura ɗaya ke kallonsa ba. Yau yana falon ango, gobe an kai wa gwaggo a ƙauye, jibi ƙanwar amarya ta tura a ƙaramar wayarta. Gigabait biyun da ka rage ba su kai kiran waya ɗaya na "aikinka bai yi ba".

Sai dai H.264 ɗin ma yana da sharaɗi. Ka bar shi 8-bit, don H.264 mai 10-bit ya fi H.265 wahalar samun mai karanta shi. A saitin fitar da bidiyo, ka tsaya a profile ɗin High, mataki (level) na 4.0 ko 4.1, 1080p mai firam 25 ko 30; firam 50 ko 60 na buƙatar 4.2, tsofaffin talabijin kuma nan suke cijewa. Sauti ka sa AAC sitiriyo. Idan ka ga akasin matsalarka, hoto na tafiya babu murya, yawanci kodek ɗin sautin DTS ne ko AC3. Samsung ta daina saka DTS a talabijin ɗinta tun na 2018. A HandBrake, manhajar sauya tsarin bidiyo wadda kyauta ce, zaɓin Fast 1080p30 ya tattara kusan duk wannan.

Ka kuma lura da filashin kansa. A megabit 8 cikin daƙiƙa, awa ɗaya na cin gigabait 3.6. Kamu da dina na awa biyu sun haura 7, FAT32 kuma, wato tsohon tsarin fomat na filashi, ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4. Za ka ce a mayar da shi exFAT, to wasu tsofaffin talabijin ba su ganin exFAT sam. Mafi kwanciyar hankali, ka raba: ɗaurin aure daban, kamu daban, dina daban, filashi ya zauna a FAT32.

H.265 ka ajiye shi inda yake da amfani: kwafin da kake adanawa a hard disk ɗinka, aikin 4K, ko kwastoman da ka tabbatar talabijin ɗinsa sabuwa ce. Idan kuma dangin amarya za su turo maka abin da suka ɗauka da iPhone ka haɗa, ka sani tun iOS 11 na 2017 wayar da H.265 take ɗauka in ba an canja ba. Kafin ranar biki ka ce su shiga Settings, Camera, Formats, su zaɓi Most Compatible. Wanda ya riga ya iso hannunka, buɗe shi a VLC ka danna Ctrl da J, zai nuna maka kodek ɗin da ke ciki kafin ka jefa shi cikin aiki.