Wasiƙa Daga Houston: Kulawar da Mai Juna Biyu Ke Samu Ta Danganta da Jihar da Take Zaune

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya tare da iyali da abokan aikinki na ɗakin haihuwa. Kin tambaye ni yadda asibitocin nan suke karɓar mai juna biyu, da kuma gaskiyar abin da kuke ji a rediyo game da rigimar zubar da ciki a Amurka. Na ga ya dace in haɗa amsoshin wuri guda, domin a nan jihar Texas ba a iya raba maganganun biyu, kuma na san akwai masu shirin zuwa karatu ko biyo mazajensu da za su amfana da bayanin.

Ta fuskar kayan aiki babu abin da zan ɓoye miki, sun yi mana nisa. Mace ba ta sammakon bin layin awo, ana ba ta rana da sa'a ta waya, kuma idan ciki ya kai mako 20 ana yi mata hoto mai zurfi wanda ake duba zuciyar ɗan tayi da ƙodarsa da ƙashin bayansa ɗaya bayan ɗaya. Ba a miƙa wa miji takardar sayayya ta safar hannu da auduga da reza da ledar shimfiɗa kamar yadda muka saba, kuma idan jini ya ɓalle ba a tura dangi neman wanda zai bayar, domin jinin yana ajiye kafin a buƙace shi. Wuta ba ta ɗaukewa ana tsakiyar tiyata. Abin da kawai suke matsa wa iyaye a kai ranar sallama shi ne kujerar jariri ta mota. Wannan bambanci yana bayyana a alƙaluma: a 'yan shekarun nan matan da ke rasuwa sanadin ciki da haihuwa a Amurka suna kusan 20 cikin kowace haihuwa 100,000, alhali ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya game da Najeriya yana kusan 1,000. Sai dai ga baƙar fata a nan adadin yana kaiwa wajen 50, kuma mu ma cikin wannan lissafi ake saka mu.

Kuɗin kuma ba a ƙofar asibiti ake karɓa ba, bayan makonni ake aiko da takardarsa gida. Awo da haihuwa da kulawar jego sukan tashi kimanin dala 19,000 a matsakaici, mai inshorar lafiya ta wurin aiki kuma yakan biya kusan dala 3,000 daga aljihunsa. Shirin gwamnati na marasa ƙarfi da ake kira Medicaid yana ɗaukar nauyin kusan haihuwa 4 cikin 10 a ƙasar, kuma tun 2024 Texas ta tsawaita kulawarsa ga mai jego daga wata 2 zuwa wata 12. Hutun haihuwa da dokar tarayya ta 1993 ta tanada mako 12 ne ba tare da albashi ba, shi ma ba kowace ma'aikaciya ya shafa ba, shi ya sa za ki ga mace ta koma bakin aiki tun ba ta yi arba'in ba.

Yanzu ga batun dokar. Daga 1973, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin da ake kira Roe, zubar da ciki kafin ɗan tayi ya kai matakin iya rayuwa a waje ya zama haƙƙin da babu jihar da ke da ikon hanawa. Ranar 24 ga Yunin 2022, a shari'ar Dobbs wadda ta taso daga dokar jihar Mississippi ta hana zubarwa bayan mako 15, kotun ta soke wancan hukunci, ta mayar da maganar hannun majalisun jihohi. Daga nan ƙasar ta rabu. Jihohi fiye da 10 sun haramta kusan gaba ɗaya, wasu irin su Georgia da Florida sun tsayar da iyaka a wajen mako 6, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar da ɓatan watansu ba, yayin da Illinois da New York da Colorado da New Mexico suka bar ƙofa a buɗe. Saboda haka duk wanda ya ce miki "dokar Amurka" kaza ce a kan wannan batu, ki tambaye shi wace jiha yake nufi.

Texas ba ta jira hukuncin 2022 ba. Tun ranar 1 ga Satumban 2021 ta fara aiki da wata doka mai ban mamaki, wadda ta hana zubarwa da zarar an ji bugun zuciya, amma ta ba kowane mutum damar kai ƙarar likita ko duk wanda ya taimaka, ya karɓi aƙalla dala 10,000 idan ya yi nasara. A watan Agustan 2022 kuma babbar dokar haramta zubar da ciki ta fara aiki: likitan da ya zubar da ciki yana iya fuskantar ɗaurin rai da rai, da tarar da ba ta gaza dala 100,000 ba, da ƙwace lasisinsa. Ba a hukunta ita matar. Ba a togace fyaɗe ba, abin da aka togace shi ne halin da ran uwa ko wani muhimmin sashe na jikinta ke cikin haɗari.

Na san za ki ce ai wannan ba baƙon abu ba ne, domin kundin Penal Code da muke aiki da shi a Arewa shi ma bai yarda da zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa, kuma ya tanadi ɗauri har na shekara 14. A takarda dokokin biyu sun yi kama ƙwarai. Inda suka rabu shi ne a aikace. A gida, idan mace ta zo da ɓari tana zubar da jini, ko faya ta fashe ciki bai isa haihuwa ba, likita yakan duba ya yanke shawara a yi wankin ciki, kuma ba kasafai yake tunanin mai gabatar da ƙara ba. Damuwarsa jini ne da wuta da kuɗin magani. A nan kayan aikin duk suna nan, amma kowane abu da likita ya yi yana rubuce a kwamfuta, kowane asibiti yana da lauyoyinsa, kuma hukuncin da ke jiran wanda ya yi kuskuren fahimtar doka zai iya cinye sauran rayuwarsa. Dokar ta fito fili cewa cire ɗan da ya riga ya mutu a ciki, ko cikin da ya zauna a wajen mahaifa, ba laifi ba ne. Matsalar tana wurin ɓarin da ya fara bai ƙarasa ba, inda kowa ya san ɗan ba zai rayu ba amma zuciyarsa na bugawa, uwar kuma ba ta kai gargara ba tukuna.

Abin da ya sami Amanda Zurawski ke nan a birnin Austin cikin 2022. Fayarta ta fashe ciki yana mako 18, aka ce mata ba za a taɓa ta ba muddin ana jin bugun zuciya, ta koma gida tana jira har ƙwayoyin cuta suka shiga jininta, aka kwantar da ita a sashen kulawa ta musamman. Ita da wasu mata sun kai jihar ƙara suna neman a fayyace iyakar togaciyar, amma Kotun Ƙolin Texas ta ƙi amincewa da buƙatarsu a Mayun 2024. Kate Cox kuma, uwar 'ya'ya biyu da aka gano cikinta yana da nakasar da jarirai ba kasafai suke rayuwa da ita ba, ta samu izini daga ƙaramar kotu a Disamban 2023, babban lauyan jiha Ken Paxton ya gargaɗi asibitoci, kotun sama ta dakatar da izinin, ta bar jihar aka yi mata aikin a wani wuri. Sai a 2025 'yan majalisar jihar na jam'iyyun Republican da Democrat suka haɗu suka yi gyara, Gwamna Greg Abbott ya sa hannu, aka bayyana cewa ba dole likita ya jira haɗarin ya iso ba kafin ya ɗauki mataki.

Masu goyon bayan haramcin ba mutanen banza ba ne, kuma ina zaune da su a unguwa da wurin aiki. Yawancinsu 'yan Katolika ne da mabiya cocin bishara, hujjarsu kuma ita ce rai yana farawa tun daga shigar ciki, kare shi aikin hukuma ne, kuma majalisar da jama'a suka zaɓa ta fi alƙalai tara cancantar yanke wannan magana. Suna cewa dokar ba ta taɓa hana ceton uwa ba, tsoron lauyoyin asibiti ne ya wuce kima. Suna kuma gudanar da cibiyoyin taimakon masu juna biyu inda ake yin hoton ciki kyauta, a ba da famfas da madara da kayan jarirai, jihar ma tana zuba musu kuɗi. Ɗaya ɓangaren yana cewa mace ce ke ɗauke da haɗarin, don haka ita da likitanta ya kamata su yanke shawara, kuma haramcin talaka kaɗai yake kamawa.

Wannan magana ta ƙarshe gaskiya ce da ido ke gani. Daga Houston zuwa Wichita a jihar Kansas, inda doka ta yarda da zubar da ciki, tafiya ce ta kusan kilomita 1,000, kamar daga Kano zuwa Legas, New Mexico kuma ta fi nisa. Mai hali takan hau jirgi ta dawo cikin kwana biyu. Mai aikin awa-awa sai ta haɗa kuɗin mai da masauki da mai rainon yara da albashin da za ta rasa, ga shi tun 1976 an hana kashe kuɗin tarayya a kan zubar da ciki sai a 'yan yanayi kaɗan. Inda aka ba jama'a damar kaɗa ƙuri'ar raba gardama kuma, sakamakon bai bi layin jam'iyya ba. Kansas, jihar da 'yan Republican ke rinjaye, ta ƙi cire kariyar haƙƙin zubar da ciki daga tsarin mulkinta da kashi 59 cikin 100 a Agustan 2022, Ohio ta saka kariyar a nata a 2023, a Florida kuma kashi 57 sun amince a 2024 amma ƙa'idar jihar tana neman kashi 60, sai iyakar mako 6 ta ci gaba. A Texas jama'a ba su da ikon kawo irin wannan ƙuri'a da kansu.

Abin da na fi so ki sani a matsayinki na unguwarzoma shi ne labarin misoprostol, ƙwayar nan da kuke ba mace idan jini ya ƙi tsayawa bayan haihuwa, wadda Najeriya ta yi wa rajista don wannan aiki tun 2006, kuma ta ceci mata da yawa a ƙauyukan da babu firjin ajiye allura. A nan ita ce ake haɗawa da wata ƙwayar zubar da ciki mai suna mifepristone, wadda aka amince da ita a Amurka a 2000, kuma ta wannan hanya aka zubar da kusan kashi 63 cikin 100 na cikin da aka zubar a 2023. Saboda haka jihar Louisiana, maƙwabciyarmu ta gabas, ta saka magungunan biyu cikin jerin waɗanda ake tsare su da makulli daga Oktoban 2024. Likitocin haihuwa na can sun koka cewa maganin da ya kamata ya kasance a kan teburin gaggawa ya koma cikin akwatin da sai an buɗe da lambar sirri, ke kuma kin fi ni sanin abin da 'yan mintoci ke nufi ga macen da jini ya ɓalle wa. A gefe guda kuma likitoci a New York da Massachusetts suna aika ƙwayoyin ta gidan waya zuwa jihohin da suka haramta, dokokin jihohinsu suna ba su kariya. A 2025 Louisiana ta tuhumi wata likita ta New York da laifi, wata kotun Texas ta ci ta tarar dala 100,000, New York kuma ta ƙi miƙa ta.

A masallatanmu na nan ana tattauna batun da natsuwa fiye da yadda ake yi a talabijin. Mu da muka tashi a mazhabar Malikiyya mun san ita ce mafi tsanani, mashhurin zancenta bai yarda a taɓa ciki ba ko kafin kwana 40, alhali malaman Hanafiyya da yawa sun yi sassauci kafin kwana 120 idan akwai uzuri karɓaɓɓe. Amma malamai sun tafi a kan cewa idan ran uwa na cikin haɗari na haƙiƙa, ita ake gabatarwa, domin ita ce asali. Ni dai ban gamsu da masu cewa ciki abu ne da mace za ta cire duk lokacin da ta ga dama ba, kuma ban ɓoye musu hakan ba. Haka kuma ban gamsu da dokar da aka rubuta ta yadda likita zai tsaya kiran lauya yayin da zazzaɓin mace ke hawa ba, musamman a jihar da ta fi kowace yawan marasa inshorar lafiya, wadda kuma ta ƙi faɗaɗa Medicaid ga manya marasa ƙarfi.

Ga masu shirin zuwa, ki gaya musu su binciki dokar jihar da za su zauna da irin inshorar da makaranta ko wurin aiki ke bayarwa tun kafin su taso, su kuma tambayi likitan awo tun ranar farko yadda asibitinsa ke yi idan ɓari ya zo ko faya ta fashe da wuri. Akwai dokar tarayya ta 1986 da ta wajabta wa sashen gaggawa duba duk wanda ya zo da larura, har da mai naƙuda, ko yana da kuɗi ko ba shi da su, don haka kada mace ta zauna gida tana zubar da jini don tsoron takardar kuɗi. Wadda ta taɓa yin ɓari ko tiyata ko jijjiga kuma ta taho da bayanan asibitinta na gida a rubuce, domin likitocin nan sun fi saurin ɗaukar mataki idan hujjar haɗarin tana cikin fayil.

A gaishe da su Inna da yara.