Gwajin laktet da aka yi wa 'yata sau biyu

Sakamakon farko ya nuna 5.1, na biyu kuma 2.7, yarinya ɗaya, kwana tara tsakani. Abin da ya sa nake rubuta wannan sharhi ke nan.

'Yata shekararta biyar. Da ta ɗan yi gudu sai ta zube ta ce ƙafafunta sun mutu, zazzaɓi kaɗan kuma sai amai ba ƙaƙƙautawa. Likitan yara ya ce yana zargin mitokondiriya, wato ƙananan injinan da ke cikin ƙwayoyin jiki masu haɗa abinci da iskar da muke shaƙa su ba da ƙarfi. Idan suka gaza, jiki kan koma ƙona sukari ta gajeriyar hanya, abin da ke taruwa daga nan shi ne laktet. A jinin mai lafiya da ke hutawa ba ya cika wuce milimol 2 a kowace lita.

Karon farko, Allah ya sani, ba a kyauta mana ba. Mutum uku suka danne ta, tana ihu tana harbin iska, robar da aka ɗaure mata dantse ta daɗe har hannun ya canza launi ana lalubar jijiya. Kwalbar jinin kuma ina kallo aka ajiye ta a kan tire, ta kusa awa ɗaya ba wanda ya waiwaye ta. Da na ga 5.1 a takarda, daren nan ban runtsa ba.

Likitan da aka tura mu wajensa bai ko gama karanta takardar ba ya tambaye ni, "Maman yarinya, ta yi kuka lokacin ɗiba?" Na ce, "Likita, kuka kai! Ai kokawa aka yi." Ya ture takardar gefe. Ashe tsokar da ke fafutuka laktet take fitarwa, ɗaurin roba ma haka. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne jajayen ƙwayoyin jini ba su da mitokondiriya ko ɗaya, saboda haka ko a cikin kwalba suna ci gaba da cin sukari suna zubar da laktet. Jinin da ya zauna ƙarya zai yi.

Karo na biyu aka sa mata kanula, wato ɗan siririn bututun da ake bari a jijiya, aka bar ta tana wasa da wayata fiye da rabin awa har ta manta, sannan aka ja jinin ba ɗauri. Kwalba mai murfi ruwan toka, wadda ke da sinadarin fulorayid da ke tsayar da wancan aiki, aka tsoma cikin ƙanƙara, ma'aikaciyar ta fita da ita da sauri. An kuma ɗibi na fayirubet, wato abin da sukari ke fara komawa kafin ya zama laktet, a wata kwalba daban. Idan aka raba laktet da fayirubet amsar ta haura 25, hankali kan koma kan mitokondiriya. Tata 28 ce. Alanin ɗinta, wani sinadari daga cikin masu gina furotin, ma ya hau, shi kuwa kukan minti goma ba ya ɗaga shi kamar yadda yake ɗaga laktet.

To me zan ce game da gwajin? Yana da sauri, jini kaɗan ake buƙata, ya kuma nuna mana hanya. Amma ba ya yanke hukunci. Farfaɗiya, ƙwayar cuta a jini, ƙarancin bitamin B1, har maganin sukari metformin duk suna ɗaga shi. Akwai kuma masu cutar da nasu ke fitowa lafiya lau, musamman masu matsala a ƙwayar gadon da ake kira POLG. Shi ya sa wasu ake duba musu ruwan ƙashin baya ko a yi hoton MRI na musamman. Mu dai ba a kai mu nan ba, na kuma gode Allah, don allurar bayan nan nake tsoro.

Gwajin ƙwayoyin gado ne ya rufe maganar bayan wata biyu: canjin m.3243A>G a DNA ɗin mitokondiriya, wanda ke bayan kusan kashi 80 cikin ɗari na masu MELAS, wata cutar mitokondiriya da ke taɓa ƙwaƙwalwa da tsoka. DNA ɗin mitokondiriya ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa. Likita ya faɗi haka a hankali, yana kallon na'urar ji da ke kunnena, wadda na fara sawa ina da shekara 31.

Ni fitsari suka ce in kawo, ba jini ba, domin a manya wannan canjin yana raguwa a jini yayin da shekaru ke tafiya. Ranar Litinin zan kai.